Kofin garin waken suya giram nawa ne?

Mai tambaya, daga Yantala: Salamu alaikum ƴan uwa. Ƙanwata ta turo mini tsarin gato (wato kek) daga Amurka, an ce kofi 2 na garin waken suya. Ni sikeli nake aiki da shi, sai na lissafa kofi a kan giram 125 kamar na fulawa, na zuba 250. Gaton ya fito da nauyi kamar tubali, bayansa ya yi baƙi tun cikin bai nuna ba, yara ko kallonsa ba su yi ba. Ina na kuskure?

Wata mai gato a Bukoki: Ayya ƙanwata, ai garin waken bai kai fulawa nauyi ba. Kofin Amurka mililita 240 ne, ɗan ƙasa kaɗan ma. Idan garin mai mansa ne, irin wanda muke kaiwa inji, kofi ɗaya wajen giram 85 yake. Kenan 170 ya kamata ki zuba, kin ƙara 80 a banza. Wanda kamfani ya tatse wa mai ya fi nauyi, yana kai 100 zuwa 105. Baƙin kuwa halinsa ne, waken suya na saurin ɗaukar wuta, ki riƙa rage ta. Kuma ba shi da danƙon alkama, shi ya sa ni ba na wuce kashi ɗaya cikin huɗu na fulawar, in ba haka ba gato ba ya tashi.

Wata uwa daga Tawa: Mu nan da tiya muke sayen waken, mu auna gari da gwangwanin madara, wa ya san giram? Sai da aka koya mana kunun yara a asibiti, na gero da wake da gyaɗa, na ga abin da gyara. Na je wurin wani mai shago da ke da sikeli, na roƙe shi ya ɗora mini gwangwanina. Na zuba garin da cokali na share baki, ya karanta. Na sake dumbuza shi cikin roba na danna da yatsa, lamba ta haura sosai. Gwangwani ɗaya, gari ɗaya! Har ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ke ce sikelin ai." Tun ranar cokali nake amfani da shi, in share baki da bayan wuƙa.

Mai tambaya: To yaya, in ban san girman kofin nawa ba fa? Na kasuwar Wadata ne, babu rubutu a jikinsa.

Wani malamin makaranta, Talaje: Ɗora shi wayam a sikeli, ki mai da lamba sifiri, ki cika da ruwa. Giram ɗaya na ruwa mililita ɗaya ne. In ya nuna 250, to garin waken da zai ci wajen giram 90 ne. Uwargidana ta rubuta nata da alƙalami a ƙasan kofin, ta huta.

Mai gato a Bukoki: Haka ne malam. Babban cokali kuma wajen giram 5 ne, ga masu ɗan barbaɗawa a kunu.

Wata dattijuwa, Harobanda: Ku ƴaƴan zamani da lissafi! Ni abin da zan ƙara, ku soya waken kafin niƙa, ku sheƙe ɓawon. Na taɓa niƙa shi ɗanye don gaggawa, kunun ya yi ƙarni, jikata ta kwana da kumburin ciki. Kuma ku tankaɗe kafin ku auna, don garin da ya kwana biyu a roba yana dunƙulewa, musamman da damina. Niƙan inji ma ba ɗaya ba ne, na unguwarmu yana barin tsaki.

Mai tambaya: Na gode iya, na gode kowa. Na auna kofina yanzu, ruwa 230 ya ci. Ranar Asabar zan sake, da 170 da wuta ƙasa-ƙasa.