Sanwic irin na 'yan Italiya a gida, me yasa nawa yake jiƙewa?

Amaryar_Kawo:
Assalamu alaikum 'yan uwa dan Allah a taimaka min. Maigidana yayi wata uku a Amurka wajen kwas, tunda ya dawo bashi da zance sai wani sanwic da yake siya a shagon 'yan Italiya, dogon burodi an cika shi da naman talotalo yankan siriri da cuku da latas an yaryaɗa man zaitun. Jiya nace bari in bashi mamaki, na samu burodin yanka na dafa nama na yayyanka na sa tumatir da latas da mayonis na zuba mai, na naɗe a leda ya tafi dashi ofis. Wallahi da azahar sai ga hoto ya turo min, burodin ya zama kamar wanda aka tsoma a shayi, wai da cokali ya ci. A ina na kuskure?

Baƙon_Brescia:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Burodin ne ya fara cin amanarki, namu na gida akwai suga ga laushi ga babu ɓawo, ko ruwa kaɗan ya gani ya narke. Nan Italiya da ciabatta ko focaccia ake yi, ciabatta ɗin ma ma'anarsa silifas saboda fasalinsa, kuma ba wani tsohon abu bane, a 1982 aka ƙirƙiro shi a garin Adria don a yi gogayya da baget, dogon burodin nan na Faransa. Sannan abin da Malam ya ci na 'yan Italiyan Amurka ne, su ne masu tula kaya, nan panino burodi ne da nama kala ɗaya da ɗan cuku shikenan, wani lokacin ko ganye babu.

Abu ɗaya da zan ja kunnenki, idan kina kallon bidiyonsu ko kin shiga babban kanti, prosciutto da mortadella da salame da coppa da pancetta asalinsu duk alade ne. Bresaola ce ta naman sa, daga Valtellina can kusa da iyakar Suwizalan, gishiri ake sa mata a rataye ta bushe, kamar 'yar uwar kilishi amma ba ƙuli ba yaji ba a kai ta wuta. Ita ma sai na ga tambarin halal nake ɗauka.

Hajiyar_Maradi:
Ƙanwata kwantar da hankalinki abin ba wuya. Mu nan Nijar baget ko'ina akwai to ki nemi irinsa a gidan burodi, ki tsaga shi amma kar ki raba biyu, ki ɗan ƙwaƙule tsakiyar don kayan su samu wurin zama, in ya yi laushi ki ɗora a kasko minti biyu ya ɗan yi ƙarfi.

Naman kuma ba dafawa a ruwa zaki yi ba. Ki samu tsoka ta cinya guda, ki shafe ta da gishiri da tafarnuwa da masoro ki gasa a oben, ta huce ta kwana a firij, washegari ki sa a firiza kamar minti 30 sannan ki yanka da wuƙa mai kaifi sosai, siriri har kina hango wuƙar ta cikinsa. In ya yi kauri to tsire kika yi ba sanwic ba. Kuma kar ki shimfiɗa shi kamar tabarma, ki ringa lanƙwasa kowane yanka, haka yafi daɗin tauna.

Inda ruwan naki ya fito tumatir ne da latas. Tumatir ki yanka ki barbaɗa gishiri ki jera a kan tsumma mai tsabta minti 10, zaki sha mamakin ruwan da zai fita. Latas bayan wanki sai ya bushe ƙarau kafin ki yanka ƙanana, albasa a jiƙa a ruwan sanyi zafinta ya ragu. Jerawa kuma cuku ne zai fara taɓa burodi sai nama, ganye a tsakiya, shi cukun katanga ne. Mahaɗin cokali 3 na man zaitun, 1 na khal (vinegar) ko lemun tsami, da oregano busasshe (wani ganyen ƙamshi ne), a kan latas ake zubawa ba kan burodi ba. Ki naɗe a takarda tam, leda gumi take sa shi.

Ɗan_Bronx:
Hajiya ta gama magana amma ni fa ban yarda a ce burodi kar ya sha komai ba, daɗin abin ai ya ɗan tsotsi man nan da tsamin. Akwai wani sanwic muffuletta na New Orleans wanda da gangan ake ajiye shi zaitun ɗin ya ratsa burodi, saidai burodin mai jiki ne. Irin wanda Malam ya ci nan Niyok hero muke ce masa, Filadelfiya suce hoagie, kuma kusan duka da cukun provolone ne, in baki samu ba ki sa mozzarella ta fiza, banda wadda take cikin ruwa. Mayonis kuwa ki cire shi kawai, ga mai ga mayonis ga zafin Kaduna daga safe zuwa azahar, Allah ma ya tsare cikin Malam. In na ofis ne ki zuba masa tumatir da mahaɗin a 'yar roba daban ya haɗa da kansa. Sannan ki jiƙa tattasai da ɗan attaruhu a khal da gishiri kwana biyu a firij, nasan wannan tsamin ne yake nema bai san sunansa ba.

Amaryar_Kawo:
Allah ya saka da alheri na gode sosai. Yau na sake yi da baget, yankan naman ne ya bani wahala sai da na kai wuƙar aka wasa min, rabi yayi siriri rabi kam tsiren da Hajiya ta faɗa ne. Amma bai jiƙe ba, ya cinye tas har yana tambaya ko akwai saura. Oregano ne ban samu ba na sa thyme, Hajiya ko akwai matsala? Tattasan yana firij sai jibi.