Dan Allah mi za mu kira empawamen da Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa. Kalmar Turancin nan empawamen da ƙungiyoyin agaji ke yawan faɗi in ana maganar mata, mi ya kamata mu ce mata da Hausa? Ni dai "tallafi" bai kwanta min ba. Nan Birnin Kebbi in anka ce za a yi empawamen kowa ya san zancen, rumfa da kujeru, kekunan ɗinki a jere da injin markaɗe, a ɗau hoto a watse, wata ma tun kafin ta cire ledar keken ta saida shi ta sayi masara. Alhali asalin abin ba rabo ba ne. Ku duba shirin mata da Bankin Duniya ya amince da shi a 2018, dala miliyan 100, Kebbi na cikin jihohi shida da anka fara da su tare da Neja, Taraba, Ogun, Abiya da Akwa Ibom, ginshiƙinshi mata su haɗu ƙungiya ƙungiya suna zubi kaman adashe suna ranta ma juna, wato kuɗin farko ma daga lalitarsu ya fito. To ta ina ya zama tallafi?

Wani daga Jega: Malama ai tuni gidajen rediyo sunka gama magana, ƙarfafa mata suke cewa.

Mai tambaya: Na sani yaya, amma ƙarfafa su da mi? Na taɓa faɗa ma wata tsohuwa mai turara shinkafa haka, ta ce 'yar nan ƙarfi kam ina da shi, ni ke jan itace ni ke sauke tukunya, jari ne babu.

Wata daga Argungu: A ce ba mata iko kawai.

Wani daga Zuru: Hajiya kada ki ja muna. Rubuta "iko" a takardar gayyata ki gani ko maigida zai bar matarshi ta fito. Kun manta yadda majalisar dattawa ta yi watsi da ƙudirin daidaiton jinsi a 2016? Mutane da sun ji daidaito sai hankalinsu ya tafi kan gado da shugabancin gida, shi ke nan an rufe kunne.

Wata daga Argungu: To ai gaskiyar ke nan, in ba iko ba mi ya rage? Mace ta soya ƙuli ta matse mai, yarinya ta kai kasuwa, kuɗin ya dawo ya shige aljihun wani, haka za a ce ta ci gaba? Kuma addini ma ya ce dukiyar mace tata ce, ba Turawa sunka kawo wannan ba.

Mai tambaya: Wallahi Hajiya nan kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Kalmar da nake nema dole ta ɗauki abu biyu, samun kuɗin da kuma wa ke yanke yadda za a kashe shi. Dogaro da kai ya kusa, sai dai an cinye shi a jawabin 'yan siyasa har ya salance.

Wani malamin Hausa daga Yauri: Ku gwada riƙon kai. Muna cewa wance tana riƙe da kanta, ko ita ke riƙe da gidan tun da mijin ya rasu, kowa ya gane hannunta ke juya abin kuma ba wanda zai ji an zo ƙwace mashi girma. Shirin riƙon kai na mata.

Wani daga Jega: Ba za a ɗauka kamun kai ake nufi ba malam?

Malamin Yauri: In ka sa sana'a ko jari kusa da shi ba mai ruɗewa.

Mai tambaya: Ni kam na karɓa. Abin da anka raba a rumfa, keke ne ko akuya ko dubu ashirin a ambulan, sunanshi tallafi, kada a ƙara mashi girma. Wanda mace ke zubi, ta ci bashi ta biya, ribar ta tsaya hannunta, shi za mu riƙa rubutawa riƙon kai. Daidaiton jinsi kuma wani ya turo min "adalci tsakanin maza da mata", Hajiyar Argungu ta ce sam adalci daban daidaito daban, don haka wannan yana nan a buɗe, masu shawara bismillah.