Kuɗin kiran gidan yari ya yi yawa: shawarwarin 'yan zaure

Maman Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah shawara nake nema. Ƙanena yana tsare a wani gidan yarin gunduma a jihar Jojiya ta Amurka, ni kuma ina nan Bronx a birnin New York. Idan ya kira, muryar na'ura ce take cewa in danna lamba idan na yarda zan biya, sai in karanto lambar katina. Yau na duba takardar banki, na tarar kowane kira ana cire mini kusan dala 15, alhali ba ma wuce minti 15, don layin da kansa yake tsinkewa. Ba zan iya ƙin ɗauka ba, ni kaɗai gare shi a ƙasar nan. Amma in aka ci gaba a haka, kuɗin haya ma sai ya gagare ni.

Baban Hanif: Wa'alaikumus salam. Allah ya fitar da shi lafiya, ya ba ki haƙuri. Abu na farko, ki daina biyan kira ɗai-ɗai da kati, don babu hanyar da ta fi ta tsada. Kowane gidan yari kamfani ɗaya yake ba kwangilar waya, babu zaɓi. Manyansu biyu ne, Securus da ViaPath wanda a da ake kira GTL, sai ƙanana. In ya sake kira, ki kasa kunne tun farko, na'urar tana faɗin sunan kamfanin. Ki shiga shafinsu ki buɗe asusu da lambar wayarki, ki zuba kuɗi kaɗan. Daga nan da minti za a riƙa cirewa.

Kawu Direba: Gaskiyar Baban Hanif. 'Yata, yi lissafin da kanki: dala 15 a minti 15, dala ɗaya kenan kowane minti. Kuma a irin wannan tsarin na kira guda, ko minti biyu kuka yi layin ya yanke, kuɗin ya tafi gaba ɗaya.

Maman Ummi: Wallahi haka ya faru, Kawu. Muna gaisawa ya tsinke, ya sake kira aka sake cira.

Hajiya ta Harlem: Allah sarki. Kafin a yi nisa da maganar kuɗi, ƙanwata, ki riƙe wannan: duk abin da kuka faɗa a wayar nan ana naɗa, kuma masu gabatar da ƙara suna iya saurara. Kada ki ce don da Hausa kuke yi ba mai ji, ana ɗauko tafinta. Ku gaisa, ki tambaye shi lafiyarsa da abincinsa, ki ba shi labarin gida. Maganar shari'a ku bar wa lauya.

Malam Tafinta: Hajiya ta faɗi gaskiya. Bari in ɗan tsawaita a kan kuɗin, domin mutanenmu da yawa suna biya ne a kan zaton haka doka ta ce, alhali dokar tana tare da su.

Abin da ya sa kiran ya yi tsada tun asali shi ne kamasho. Kamfani zai ce wa gidan yari, ba ni kwangila in riƙa ba ka kaso cikin kuɗin kowane kira. Wanda ya yi alkawarin kaso mafi tsoka shi ke samun kwangilar, sai ya ɗora nauyin a kan iyalan da ke waje. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wata dattijuwa makauniya a birnin Washington, Martha Wright, ita ta ja gaban wannan faɗa. Jikanta yana tsare a nesa, ba ta iya karanta wasiƙa, waya ce kaɗai hanyarta ta jin halin da yake ciki. A 2000 ta shiga kotu tare da wasu iyalai, a 2003 suka kai koke gaban FCC, hukumar sadarwa ta tarayya. Sai a 2013 hukumar ta ƙayyade farashin kiran da ke tsallaka jiha: santi 21 a minti ga mai asusu, santi 25 ga kiran da mai ɗauka ke biya. Da ta nemi ta ƙayyade na cikin jiha ma, kamfanonin suka kai ƙara, a 2017 kotu ta ce ba ta da wannan hurumi. Majalisa ce ta toshe giɓin da wata doka mai ɗauke da sunan dattijuwar, Biden ya sa mata hannu a watan Janairun 2023, ita kuwa ta riga ta rasu tun 2015. A Yulin 2024 hukumar ta sauke farashin zuwa santi 6 a manyan gidajen yari, santi 12 a mafi ƙanƙanta, ta kuma haramta kamashon. A 2025 ta ɗage aiwatar da wannan, daga baya ta ɗaga farashin sama, abin da ya ɓata wa iyalai rai ƙwarai. Duk da haka iyakar da aka sa ba ta kai santi 25 ba.

To Maman Ummi, naki kiran daga Jojiya ne zuwa New York, ya tsallaka jiha. Dala ɗaya a minti ta ninka farashin 2013 ma sau huɗu. Kina da hujjar neman kuɗinki.

Alhaji Mai Shago: Malam, mun gode da wannan bayani, amma ni ina da ja. Wa zai saurari ƙorafin baƙo a kan dala ɗari ko ɗari biyu? Kuma kun san halin da wasunmu ke ciki da takardu. Mutum ya je ya rubuta sunansa da adireshinsa a shafin gwamnati saboda kuɗin waya? Ni dai shawarata ta buɗe asusun nan, abin da ya wuce ta bar wa Allah.

Malam Tafinta: Alhaji, tsoron nan ba na banza ba ne, ba zan raina shi ba. Fom ɗin yana neman suna da adireshi, kuma ana tura ƙorafin ga kamfanin. Wanda takardunsa ba su daidaita ba ya fara tambayar lauyansa, ko kuma tun farko a buɗe asusun da suna da katin ɗan'uwan da ba shi da wannan damuwa. Amma batun ba a saurara, a nan na saɓa maka. Shigar da ƙorafi a FCC kyauta ne, ba ya buƙatar lauya, ana yi ta intanet ko ta lambarsu 1-888-225-5322, kuma idan suka miƙa wa kamfani, wajibi ne ya ba da amsa a rubuce cikin kwana 30. Sau da yawa wannan takardar ce take sa a mayar da kuɗin da aka hana ta waya. Ban da su akwai ofishin Atoni Janar na jiha, yana da sashen kare masu saye.

Anti Nas: Ni na gwada a kan kiran ɗan yayata, kuma an dawo mini da kuɗi. Yadda na yi: na fara kiran kamfanin, na nemi su turo mini jerin kiraye-kirayen da ranakunsu da mintocinsu. Na ajiye shi kusa da takardar banki, na ja layi da jan biro a kan duk kiran da ya yanke kafin lokaci da duk kuɗin da ban gane sunansa ba. Wanda na yi magana da shi na rubuta sunansa da lambar ƙorafin da ya ba ni. Da suka ce ba abin da za su iya, sai na ɗauki hoton takardun na haɗa da fom ɗin hukuma. Kada ki rubuta dogon labari, ki sa rana, minti, da adadin da aka cira. In da katin bashi kika biya, kina da kwana 60 daga ranar da aka aiko miki da bil ki rubuta wa bankin cewa ba ki yarda da cajin ba. Katin cirar kuɗi daga asusu ƙa'idarsa daban ce, shi ki kira bankin yau ɗin nan.

Baban Hanif: Ƙari a kan asusun: kada ki zuba da yawa lokaci guda. Ana iya canja masa gidan yari cikin dare, sabon wurin kuma da wani kamfanin yake aiki. Ragowar kuɗin haƙƙinki ne, ki nema a mayar miki. A da GTL yana kwashe kuɗin asusun da aka daina amfani da shi, har iyalai suka kai shi kotu a Jojiya ɗin nan, ya amince da sulhu na kimanin dala miliyan 67. Daga baya FCC ta hana a taɓa irin wannan kuɗi kafin kwana 180.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum, yanzu na taso daga aiki. Ina so in ja kunnen masu wayar gida da wayar shago, don su kiran mai ɗauka ya biya yake shiga kai tsaye cikin bil. Ba daga gidan yari kaɗai yake zuwa ba. Kafin ka danna amincewa kana da damar tambayar nawa ne minti, kuma kamfanin sai ya faɗi sunansa. In ka ajiye kafin a haɗa ku, ba ka biyan komai. In ba ka da kowa a tsare, kira kamfanin wayarka ka ce su toshe maka irin wannan kira da duk wani cajin da wani kamfani na daban zai liƙa a bil ɗinka. Sannan akwai wata damfara da ta daɗe: mutum ya kira da muryar tashin hankali, ya ce ɗan'uwanka ya yi haɗari, ka danna *72 da wata lamba ka yi magana da jami'i. Kana dannawa ka karkatar da layinka zuwa wayarsu, su riƙa karɓar kira a kanka. Wanda ya riga ya danna, a yawancin layuka *73 ke warwarewa, sannan ya sanar da kamfaninsa nan take.

Alhaji Mai Shago: Wannan ta toshewa zan yi gobe in sha Allah, yaran shago suna ɗaukar kowane kira.

Maman Ummi: Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Tambaya ɗaya ta rage. Mahaifiyarmu tana Kano, kullum kuka take tana son jin muryarsa. In ya kira, zan iya haɗa mu mu uku a layi?

Hajiya ta Harlem: A'a, kada ki soma. An haramta haɗa mutum na uku, na'urarsu tana ganewa ta yanke kiran, kuma suna iya rufe lambarki gaba ɗaya ko su hana shi waya na wani lokaci. Sai ki rasa ɗan abin da kike samu.

Malam Tafinta: Ki tambayi kamfanin ko gidan yarin yana barin kiran ƙasar waje, wasu suna bari. In suna bari, shi zai kira Mama kai tsaye daga nasa asusun, ke ki riƙa zuba masa kuɗi. Tun 2021 wannan ma yana da ƙa'ida: farashin minti na nan, a ɗora abin da kamfanin ke biyan layin can. Ki sa su faɗa miki na Najeriya kafin ki zuba. Ki kuma gaya wa Mama sa'ar da zai kira a agogon gida, ta zauna inda akwai sabis.

Kawu Direba: Abin da ke ci mini rai shi ne, da a nan birnin aka tsare shi da ba ki biya ko sisi ba. Tun 2019 kira kyauta ne a gidajen yarin birnin New York. Connecticut ta yi dokarta a 2021, ita ce jiha ta farko, sai California, Minnesota, Massachusetts da Colorado suka bi sahu. Mutane ne irinmu suka yi ta zuwa zaman majalisun jiha suna nuna bil ɗinsu har aka yi. 'Yan'uwanmu da ke Atlanta masu ƙuri'a, ya kamata ƙungiyarsu ta ɗauki maganar nan ta kai wa wakilansu.

Magajiyar Zango: Jama'a ku gafarce ni in sako tawa. Yaron maƙwabciyata, ɗan Kumasi, jami'an ICE, hukumar shige da fice, ne suka riƙe shi, shi ma haka za a yi?

Malam Tafinta: Asusun dai haka za a buɗe, Magajiya, amma a fara sanin inda yake. ICE tana da shafin neman wanda aka tsare, ana sa lambarsa ta shige da fice mai farawa da A da ƙasar haihuwarsa. A wuraren tsarewarsu akwai lambobin da ake kira kyauta, har da ofishin jakadancin ƙasar mutum da ƙungiyoyin lauyoyi masu taimako ba tare da kuɗi ba, jerin yana manne kusa da wayar. A gaya masa ya fara da waɗannan. Ke da Maman Ummi, in kuna so, ku same ni bayan sallar Juma'a da takardun banki da jerin kiran, mu cike fom ɗin tare.