Wai Malam Aminu Kano ɗan talaka ne?

Ɗan Gwammaja: Ɗazu na bi ta ƙofar Mumbayya, gidan Malam Aminu, sai na tuna abin da nake yawan faɗa. Ba mai yi wa talaka yaƙi irin na Malam Aminu sai wanda ya taɓa kwana da yunwa. Malam ɗan talaka ne, shi ya sa ya san inda ke yi mana ƙaiƙayi.

Tsohon Hedimasta: Ɗana, a nan ka kauce. A Sudawa aka haife shi, ranar 9 ga Agusta 1920, cikin zuri'ar Gyanawa, gidan malamai da alƙalai. Mahaifinsa Malam Yusuf mufti ne a kotun Alƙalin Kano. Yaro ya buɗe ido ana jan baƙi a zaure, ana zancen shari'a. Wannan kake kira gidan talaka?

Ɗan Gwammaja: To Baba, malami ai ba attajiri ba ne.

Tsohon Hedimasta: Ba attajiri ba ne, gaskiya. Amma a Kanon wancan zamani ba aljihu kaɗai ake dubawa ba. Talaka shi ne wanda dagaci zai tasa gaba kan haraji, ko dogari ya ɗaure shi, ba shi da bakin magana. Ɗan mufti kuwa yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Kuma ka duba karatunsa: firamaren Shahuci, Midil ta Kano, sannan Kwalejin Kaduna, wadda ya gama a 1942. 'Ya'yan manoma nawa ka ji sun taka wannan tsani a lokacin?

Mai Shago a Kwari: Ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki. A Landan ya kwaso abinsa. Ya tafi 1946, ya haɗu da 'yan gurguzun Ingila, ya dawo yana zancen talakawa. Kayan aro ne.

'Yar Sudawa: Haba Alhaji. Kayan aro? Tun yana Midil ya ja ɗalibai suka yi yaji saboda rashin kyan abinci. A Landan aka koya masa wannan? Sannan kafin ya hau jirgi ya yi shekaru yana koyarwa a Midil ta Bauchi, shi da Sa'adu Zungur suna ta caccakar mulkin En'e, wato hukumar sarakuna, a zaman muhawara, Tafawa Ɓalewa na wurin yana ja musu birki. Shi ma Zungur ɗin ɗan gidan malamai ne, ku lura.

Mai Shago a Kwari: Amma Hajiya, ba za ki ce Landan ba ta ƙara masa komai ba.

'Yar Sudawa: Ta ƙara masa dabara, ban musa ba. Ya ga yadda ake kafa ƙungiya, ya kafa ta malaman makarantar Arewa. Amma zafin daga gida ya tafi da shi. Wanda ya tashi yana karanta abin da littafi ya ce game da adalci, kuma yana ganin abin da ake yi wa mutane da sunan sarauta, ba ya bukatar Bature ya nuna masa giɓin. Ai da hujjojin Shehu Ɗanfodiyo ya riƙa ƙure sarakuna, shi ya sa suka rasa yadda za su yi da shi.

Ɗan Gwammaja: To in ba talaka ba ne, me ya kai shi kafa jam'iyyar NEPU?

Tsohon Hedimasta: Nan ma a gyara. Ranar 8 ga Agusta 1950 mutum 8 suka kafa ta, cikinsu da Abba Maikwaru da Mudi Sipikin da Magaji Ɗambatta. Malam yana koyarwa a Maru lokacin. Sai da ya ajiye aikin ya shigo sosai, ya zama shugabanta a 1953. Albashi ya bari, ɗana, a zamanin da albashi ke sa a durƙusa wa mutum.

Ɗan Gwammaja: Ni dai har gobe namu ne. Ku je ku ga ɗakin da ya rasu a ciki a 1983, ku dawo ku ce min wannan ba talaka ba ne.

'Yar Sudawa: Ɗakin da ya zaɓa ke nan, ƙanena. Muna zancen wanda aka haife shi a ciki.

Mai Shago a Kwari: An kira la'asar. Zancen Landan ɗin nan ban sauka ba tukuna, zan dawo.