Wai kwal gawayi ne da ya daɗe a ƙasa?

Awal: Jama'a ni fa na tsaya a kan maganata, kwal ɗin nan da ake haƙowa ba komai ba ne illa gawayi da ƙasa ta binne ya daɗe. Ka binne buhu guda a bayan gida a Aboabo, jikokinka su tono kwal

Malam Fuseini: Awal kai dai ba ka rabo da rigima. Gawayi wuta ce ta yi shi, ana jera itace a rufe da ɗanyar ciyawa da ƙasa a bar 'yan ƙofofi ƙanana, wuta ta yi ta cinsa a hankali na kwanaki ba tare da iska ta ishe ta ba, ruwa da hayaƙi su fita a bar baƙin. Kwal kuwa ba wuta ce ta yi shi ba. Tsirrai ne na fadama suka mutu suka nutse a laka ba su gama ruɓewa ba, ƙasa ta yi ta taruwa a kansu, nauyi da zafin ƙarƙashin ƙasa suka matse su har suka zama dutse. Yawancin na Ingila da gabashin Amurka ya kai wajen shekara miliyan 300

Awal: To Malam ai ka zo gidana, duka daga itace suke

Malam Fuseini: Man kaɗe da gawayin kaɗe ma bishiya ɗaya ce ta ba da su, sai ka shafa gawayin a jiki mu gani

Hajiya Memuna: 😂 Awal ɗana zo ka kwashi buhun ka binne amma ka fara biya na. Ni gawayin da na sani shi ne na garuruwan Kintampo da Atebubu da manyan motoci ke saukewa. Mai kyau in ka ɗaga za ka ji nauyi, in ka ƙwanƙwasa biyu su yi ƙara, ka karya ka ga cikin yana sheƙi. Na itace mara ƙarfi kuwa tartsatsi kawai yake yi a kurfoti, kafin waken wakye ya yi laushi ya zama toka, ga ƙasan buhun duk gari

Baba Maƙeri: Hajiya ta faɗi gaskiya. Mu a maƙera gawayi ne da ɓawon kwakwar manja muke zugawa, ƙarfe ya yi jajir. Ghana dai ba mu da mahaƙar kwal, sai labari

Rukaya: Baba labarin ma yana kusa. A Najeriya an gano shi a yankin Enugu a 1909, saboda shi aka ja layin dogo zuwa Fatakwal, kuma a 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a Iva Valley. Nijar ma suna haƙa a Anu Araren kusa da Agadas suna yin lantarki da shi. Kuma shi kansa ba iri ɗaya ba ne, akwai lignait ruwan ƙasa mai laima da yawa, sai bituminos da ake gasawa a narka tama da shi, sai antirasait wanda ya fi duka tauri ga ƙarancin hayaƙi

Awal: To in haka ne a shigo mana da shi mana a bar kaɗanya ta huta, arewa ana ta sare bishiyoyi mata na rasa 'ya'yan da za su tsinta

Rukaya: Nan kam Yaya Awal kana da hujja a batun kaɗanya, amma ɗanyen kwal akwai farar wuta a ciki, warinsa kaɗai zai kori masu sayen tsire

Hajiya Memuna: Ku bar ni da gawayina. Gas in ya ƙare sai ka haɗa kuɗin cika tukunya lokaci guda, gawayi kuwa ko na leda ɗaya ka saya yara sun ci tuwo

Malam Fuseini: Hajiya sai dai a kiyaye, lokacin hunturu kar a shigar da kurfoti ɗaki a rufe taga, iskar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take kashe shi

Awal: Wannan na yarda. Amma maganar buhu ban janye ba, tunda babu wanda ya taɓa jira shekara miliyan ya gani

Baba Maƙeri: Binne to, Allah ya ba ka tsawon rai