Bakteriya mai amfani a cikin tufafi: inda aka tsaya

Ga abin da na tsinta daga maganganunmu kan saka bakteriya mai amfani a cikin tufafi don rage warin gumi.

1. Kowa ya yarda gumi shi kaɗai ba ya wari. Bakteriyar hammata ce ke juya shi ya yi tsami, kuma yadin poliyesta ya fi auduga riƙe warin.

2. Dabarar ita ce a saka ƙwayoyin Bacillus (wani nau'in bakteriya) masu barci cikin zare, musamman a hammatar riga. Danshin jiki ya tashe su, su yi gogayya da masu kawo warin. Fatan shi ne wanki ya ragu, a kuma daina dogaro da sinadarin azurfa da ake saka wa tufafi don kashe bakteriya, wanda ke bin ruwan wanki.

3. An rabu kan ɗorewar ƙwayoyin. Wasu sun ce a guji ruwan zafi da bilic, wasu sun ce ko da haka wanki zai cinye su. Ni dai wannan ya fi damuna.

4. Mai saurin ƙaiƙayin fata ya fara gwadawa na ɗan lokaci tukuna.