Cefane na ƙarewa tun wata bai mutu ba, kwandon shara kuma kullum a cike

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na daɗe ina laɓe ina karanta shawarwarinku ban taɓa tofa tawa ba, yau dai tura ta kai bango. Mu shida ne a gida: ni da maigida, yara uku, sai ƙanwarsa da ke karatu a wajenmu. Cefanen da a da yake kai mu ƙarshen wata, yanzu kafin ranar 20 an fara karkaɗe buhu. Gas ma haka, kamar ana zuƙe shi da daddare. Abin da ya fi ci mini rai, duk da wannan ƙarancin kwandon shararmu kullum cike yake maƙil.

Shekaranjiya ina juye rabin tukunyar shinkafa da ta yi yami a leda, sai babbar 'yata mai shekara 9 ta tsaya a ƙofar kicin tana kallona. An yi musu darasin kula da muhalli a makaranta. Ba ta ce komai ba sai, "Mama, ita ma bola za ta?" Wallahi na rasa bakin amsa.

Na duba intanet, duk shawarar da na gani sai an sayi wani abu: kwalabe na musamman, sabulu na musamman, jaka ta musamman. Ni kuwa rage kashe kuɗi nake nema. Ina aiki, sai yamma nake dawowa a gajiye. Don Allah ta ina zan fara?

Maman 'yan biyu:

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki sayi ko tsinke tukuna. Samo takarda da biro ki liƙa kusa da kwandon sharar, mako ɗaya cur duk abin ci da zai shiga ciki a rubuta, ko da gutsuren burodi ne. Ki ɗora wa 'yar taki aikin, tunda ita ta taso da maganar, za ta riƙe shi da gaske fiye da ke.

Ni kafin in yi, da na rantse kayan lambu ne ke ruɓe mini. Ashe shinkafa ce da taliya. A gidan yawa na tashi, mu goma sha wani abu, hannuna ya saba da wancan awon. Na yi aure ina dafa wa mutum huɗu abincin mutum bakwai ban sani ba. Kofi ɗaya tak ya yi mini maganin abin. Na ware shi, na riƙa lura da kofi nawa na zuba da abin da ya rage a tukunya, cikin 'yan kwanaki na gane awon gidana. Kofin nan yana cikin buhun har yau, duk wanda ya ɗauke shi ya sha ruwa sai mun yi faɗa.

Yara kuma a zuba musu kaɗan, in sun cinye su ƙara. Abin da ya rage a tukunya yana ajiyuwa, wanda aka jagwalgwala a faranti kuwa sai bola.

Malam mai ritaya:

'Yata, kimiyya na koyar har na ajiye alli, kuma tun rasuwar mai ɗakina ni ke yi wa kaina girki, don haka bari in tsoma baki a maganar gas.

Ruwa in ya tafasa ya kai digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, nan yake tsayawa. Ki ƙure wuta yadda kika ga dama, ba zai ƙara zafi ba, sai dai ya riƙa tsere miki a tururi. Tukunyar da ke ɓararraka kamar za ta yi tsalle, da wadda ke tafasa a hankali, tare za su nunar da dankalin da ke cikinsu. Saboda haka da zarar ta tafasa ki rage wuta, ki rufe da murfin da ya zauna daram. Tururin da kike gani yana tashi daga buɗaɗɗiyar tukunya, gas ɗinki ne ya canza kama.

Yau da daddare ki durƙusa ki leƙa ƙarƙashin tukunyar. In harshen wuta ya wuce gindinta yana lasar gefe, kicin kike dumamawa. Ki kuma duba launinsa, shuɗi ake so. In ya koma ruwan ɗorawa yana baƙanta tukunya, gas ɗin ba ya ƙonewa duka, kuma galibi ƙananan ƙofofin kan murhun ne suka toshe da miyar da ta zuba. Ki bari ya huce, ki cire kan ki wanke da tsohon burushin haƙori, ya bushe sarai kafin ki mayar. In bai gyaru ba a kira mai gyara, kada ki yi ta zungura.

Sauran ƙanana ne. Jiƙa wake tun dare. Ki gama fere-fere da yanke-yanke kafin ki kunna wuta. Kada ki ɗora cikakkiyar buta don kofi biyu na shayi. In wata rana hali ya yi, abu ɗaya da zan ce ki saya shi ne tukunyar nan mai kulle tururi, mai yin fito. A cikinta zafin ruwa kan kai kusan digiri 120, shi ya sa wake ke nuna cikin ƙasa da rabin lokacin da aka saba.

Hajiya kaka:

Malam ya yi gaskiya, amma akwai dabarar da ta fi tukunyarsa araha. Ni kwandon wanki ne da tsohon bargo. Ki ɗora shinkafa ta tafasa minti 5 a rufe, ki sauke ba tare da kin buɗe ba, ki naɗe ta ruf cikin bargon, sama da ƙasa, ki tura a kwando. Je ki yi sabgarki. Bayan kamar minti 40 ki buɗe, ta nuna wara-wara, ba ƙanzo ba ƙauri. Zafin da ke jikinta ne ya ƙarasa aikin. Jiƙaƙƙen wake ya fi son lokaci, ki ba shi awa 3 zuwa 4. Tukunyar dai ta kusa cika, don rabin tukunya saurin hucewa take. Ni har kwana nake barinta a ciki, da safe sai ɗumame.

Ma'aikaciyar jinya:

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Dabarar bargo na yarda da ita, ni ma ina yi ranar hutuna. Amma maganar kwana a ciki, a yi mini afuwa, ba zan iya yin shiru ba tunda akwai ƙananan yara a gidan.

Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abincin da zafinsa ke tsakanin digiri 5 da 60. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 yana ajiye a zafin ɗaki. Tukunyar da ke cikin bargo lafiyarta ƙalau muddin in an buɗe tururi na tashi, hannu kuma ba zai iya riƙe ta ba. Amma cikin dare zafin na sauka a hankali, ta yi awanni a wannan ɗumi-ɗumin da ƙwayoyin suke so. Shinkafa ma ta fi ban tsoro, domin akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da irinta ba ya mutuwa a dahuwa. In shinkafar ta daɗe a ɗumi sai su farka su saki guba, kuma gubar ba ta jin ɗumame. Ba wari, ba yami, sai dai yaro ya kama amai bayan 'yan awanni.

Yadda za ki yi, 'yar'uwa: ragowar abinci ki baza shi a faffaɗan mazubi mara zurfi ya huce da wuri, ki rufe ki sa a firji. Shinkafa a cinye ta washegari, a dumama ta sau ɗaya kawai, ta yi zafi har tsakiya. In babu firji, ko wutar ba ta tsayawa, to kofin awon Maman 'yan biyu shi ne firjinki. Sannan jan waken nan mai siffar ƙoda dole ya yi tafasa mai ƙarfi aƙalla minti 10 kafin ya shiga bargo, yana da gubar da ɗumi kaɗai ba ya kashewa. Garin neman ƙiba kada a samo rama.

Hajiya kaka:

To 'yar nan, na ji. Shekara da shekaru ina yi ban ga komai ba, amma cikin tsohuwa daban, na jikoki daban. Na daina kwanan. Bargona dai ba mai raba ni da shi.

Amarya:

Anti, a ɓangaren goge-goge ni na daina sayen magungunan wanke-wanke kala-kala. Ruwan khal nake haɗawa da bekin soda a roba, in kin ga kumfar da yake yi sai kin yi mamaki. Tsofaffin singileti da tawul kuma na yayyanka su tsummokara, na huta da sayen tishun goge kicin.

Malam mai ritaya:

Tsummokaran na sa hannu, amarya. Kumfar ce dai yaudara. Khal tsami ne, soda kuwa kishiyarsa, in kin haɗa su sai su kashe juna, abin da ya rage a robar kusan ruwan gishiri ne. Kowa da aikinsa: khal na narkar da farin dattin da ruwa ke bari a cikin buta da bakin famfo, soda da ɗan ruwa kuma na kankare maiƙo da ƙaurin tukunya. Kada khal ya taɓa dutsen marmara, cinye shi yake yi.

Abin da nake roƙonku duka: bilic ba a haɗa shi da komai sai ruwa. In ya haɗu da khal, ko lemun tsami, ko maganin wanke masai mai asid, iskar kulorin yake fitarwa. A ƙaramin banɗaki rufaffe tana iya kai mutum asibiti.

Wani magidanci:

A gaya wa maigidan rabin aikin nasa ne. Ya ajiye bokiti ƙarƙashin duk famfon da ke ɗiga, ya dawo da safe, gani ya kori ji. Ɗigo ɗaya a daƙiƙa ya haura lita 20 a yini da kwana, kuma sau da yawa wata 'yar roba ce ta cinye a ciki. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60, ƙwan LED mai wat 9 na ba da haskensa, a fara canza na ɗakunan da suka fi daɗewa a kunne.

Sai kuma laifina da zan tona. Da ina jibgo wa mai ɗakina tumatir da ganye da yawa don na samu da rahusa, ina jin na yi dabara, rabi ya ruɓe kafin a kai kansa. Sari na busasshen kaya ne: shinkafa, wake, sabulu. Ɗanye kuwa a sayi na 'yan kwanaki.

Mai lambun bokiti:

Ƙanwata, kada ki ɗauka ke kaɗai ce. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 an zubar da abinci sama da tan biliyan 1, kuma kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito. In ya je juji aka danne shi ba iska, iskar mitan yake fitarwa, wadda ta fi hayaƙin kabon riƙe zafi nesa ba kusa ba. Malamar 'yarki ba ta yi ƙarya ba.

Ki raba albasa da dankali, zama tare na saurin lalata su. Ayaba da tuffa suna fitar da wata iska mai nunar da duk abin da ke kusa da su, a nisanta su da ganye. A firji ki ware gefe ɗaya daidai ido, duk abin da ya kusa lalacewa ya zauna nan, shi za a fara taɓawa.

Ɓawon da ba ya ciwuwa kuma ki huda tsohon bokiti ta ƙasa da gefe, ki riƙa zubawa ciki: ɓawon dankali, na ƙwai, ganyen shayi. Ban da nama, mai da dafaffen abinci, ɓeraye suke kira. Bayan 'yan watanni ya zama baƙin taki. Leda dai kada ki ƙona ta, ko don kunna gawayi, hayaƙinta guba ne ga huhun yara. Masu ƙwari ki wanke ki sake zuwa cefane da su.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau kwana 12 ke nan. Takardar ta nuna shinkafa ce da abincin da yara ke dawowa da shi daga makaranta, ashe autana ko rabin abin da nake cusa masa a kula ba ya ci. Na rage kofi ɗaya a awonmu, ba wanda ya ce bai ƙoshi ba. Malam, na leƙa ƙarƙashin tukunya, wutar ruwan ɗorawa ce, kusan rabin ƙofofin a toshe. Hajiya, bargon ya yi aiki, ranar Asabar na gwada da rana. 'Yar tawa har sunan babanta ta rubuta a takardar, da ranar da ya bar rabin faranti, ya ce shi ba zai ƙara cin abinci a gaban 'yar sanda ba.

Matsala ɗaya: bokitin takin ya fara wari, ƙananan ƙudaje sun cika wajen. Me na yi ba daidai ba?

Mai lambun bokiti:

Ya jiƙe da yawa ne, iska ba ta shiga. Yayyaga kwali ko ki samo busassun ganyaye ki zuba kamar ninki biyu na ɓawon da ke ciki, ki juya da sanda har ƙasa. Daga yau duk lokacin da kika zuba ɗanye ki rufe samansa da busasshe, ƙudajen ba za su samu wurin sauka ba. Ki kuma ɗora bokitin a kan bulo biyu ruwan ya riƙa tsiyayewa.